Littafi ma yana da ubangida: yadda ake auna Ganɗoki da Sarauniya

Jawabin da aka karanta a gaban malaman makaranta da ɗalibai a Galma, cikin gundumar Madawa.

An saba ɗaukar tsofaffin littattafan hikaya tamkar kayan gado, a yaba su, a haddace sunan mawallafi saboda jarrabawa, a mayar cikin akwati. Wannan ba karatu ba ne. Mai karatu na gaskiya yakan yi wa littafi tambayoyi uku: wa ya rubuta shi, wa ya buga shi, kuma wa ke riƙe da mulki a lokacin?

A dubi Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jarumin littafin ya yaƙi Turawan Ingila, sa'an nan labari ya kai shi duniyar aljannu, ya dawo ya tarar mulkinsu ya zauna. Hukumar Turawa ce ta buga littafin. Wanda ya san haka zai fahimci dalilin da ya sa takobin Ganɗoki ya fi samun fili tsakanin aljannu.

A dubi kuma Sarauniya na Abdullahi Mamani, wanda ya fito da Faransanci a 1980. Labarin sarauniyar Lugu ne, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a wannan shekara, nan cikin jihar Tawa. Mamani ɗan Sawaba ne, ya sha gudun hijira da kurkuku. Ƙasa yake nema wa jaruma, saboda haka ya ƙara wa tarihi gishiri. Med Hondo ya mai da littafin fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, har da yawa suka ɗauki hikayar a matsayin tarihi tsantsa.

Wannan ba aibi ba ne ga mawallafan biyu. Ɗaya ya faɗi abin da zai iya faɗa a gaban mai mulki, ɗaya ya faɗi abin da mai mulki ya so a manta. Aibin yana ga mai karatun da ke haɗiye magana ba tauna.

Tun Taron Ƙasa na 1991 talakan Nijar ya sha takardun jam'iyyu da alkawuran ƴan takara. Yaron Galma da ya koyi tuhumar Ganɗoki cikin ladabi, gobe ba a sayen ƙuri'arsa da daɗin baki. Don haka aikin malami shi ne ya ajiye littattafan nan biyu gaban ɗalibai, ya bar su su yi gardama. Allah ya sa a dace.