MU BA ZAKARAN GWAJIN DAFI BA NE: JAWABI A ZAMAN MAZAƁA A ƘOFAR MATA



An ce in yi magana kan harkar lafiya, kuma na san abin da aka saba ji a zama irin wannan: wane ya gina asibiti kaza, wane ya sayo gado kaza. Yau ba lissafin gini zan yi ba. Ga Asibitin Murtala nan kusa da mu, kowa ya san cinkoson da ake yi a cikinsa. Jama'a ba sa gudun asibiti. To me ya sa uwar da za ta kwana a layi don a duba ɗanta, idan masu allurar rigakafi suka yi sallama a ƙofar gidanta sai ta ce yaran ba sa nan?

Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Najeriya, Belinda Archibong, wadda ta koyar a kwalejin Barnard ta Jami'ar Columbia a Amurka, ita da abokin aikinta Francis Annan ɗan Ghana, sun bi diddigin wannan tambaya. Sunan da suka ba binciken, in za a faɗe shi da Hausa, shi ne "mu ba zakaran gwajin dafi ba ne". Kuma tushen labarin a nan Kano yake.

Manyanmu sun tuna shekarar 1996, lokacin da sanƙarau ya ɓarke ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya sauka a asibitin IDH ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a kan yara. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi. A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta tona maganar. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

To me masu binciken suka yi? Sun ɗauki alƙaluman ƙidayar lafiya da ake bi gida-gida ana tattarawa a faɗin ƙasa, suka kwatanta yaran da aka haifa kafin labarin ya fito da waɗanda aka haifa bayansa. Sai suka ga rigakafin yaran iyaye mata Musulmi ya ragu sosai bayan 2000, har da na tarin fuka da na ƙyanda, waɗanda ba ruwansu da Trovan.

Amma ku saurari wannan da kyau, don shi ne ya kawo ni. Raguwar ta fi yawa a wajen matan da suka yi karatu. Kun ji? Masu karatun, masu jin labari su gane abin da aka ce, su ne suka fi ja da baya. Sannan waɗannan matan ba su daina neman lafiya ta sauran hanyoyi ba. Allurar yara kawai suka ƙaurace wa. Idan haka ne, jama'a, zancen da muke yawan ji a ofisoshi cewa "jahilci ne ke damun mutanenmu" bai tsaya da ƙafarsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba za ka kira shi jahili ba, sai dai ka ce an taɓa cutar da shi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, hukumar lafiya ta ƙasar ta yi shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, tana kallon baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da yi musu magani ba, don kawai ta ga yadda cutar ke ci. Masana biyu, Marcella Alsan da Marianne Wanamaker, sun nuna cewa bayan asirin ya tonu, maza baƙaƙen fata sun rage zuwa wajen likita, har tsawon rayuwarsu ya ragu. Ko'ina hukuma ta ci amana, talaka ne ke biya da jikinsa.

Mu ma mun biya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe mata ma'aikatan rigakafi a cikin garin nan. Sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan sarakuna da malamai da masu unguwanni sun sa baki shekara da shekaru. A 2023 kuma mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, alhali cuta ce da rigakafi ke tarewa. Don haka kada wani ya fita daga nan ya ce na hana allura. Wallahi akasin haka nake faɗa. Gwajin da yara 11 suka rasu a cikinsa ya jawo tsoron da ya bar dubbai ba kariya.

Ku dubi marinar nan tamu ta Ƙofar Mata, wadda tarihi ya ce tun 1498 take. Mutum ya kawo yadinsa mai tsada ya miƙa wa marini ya koma gida ya yi barci. Me ya sa? Ya san marinin, ya san ubansa, ya san inda zai kai ƙara in an ɓata masa kaya. Abin da masana ke nufi ke nan in sun ce ƙasa na buƙatar hukumomi masu ƙarfi: a san wa ke da alhaki, a san inda za a kai kuka, a kuma ga an hukunta mai laifi.

Saboda haka mu da muke harkar siyasa, ga abin da ya rataya a wuyanmu. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, mu tambaye shi abu uku. Na ɗaya, kuɗin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa ƙananan asibitoci, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, nawa ya iso asibitin mazaɓarmu, kuma za a liƙa lissafin a bango kowa ya gani? Na biyu, duk wani gwaji ko sabon magani, za a yi wa iyaye bayani da Hausa, baki da baki, a nemi yardarsu kafin a taɓa yaro? Na uku, idan ma'aikaci ya wulaƙanta mai jinya ko ya sayar da maganin kyauta, ofishin wa za a je, kuma kwana nawa za a jira amsa?

Ku kuma matasa masu waya a hannu, ku ji tsoron Allah. Saƙon murya da ba ka san mai shi ba, ka tura shi rukuni goma don ka ɓata gwamnatin da ba taka ba, wataƙila uwa ɗaya ta ji ta ɓoye ɗanta. Adawa halal ce, amma a bar yara a gefe.

Iyayenmu mata, ku tambaya, haƙƙinku ne. A faɗa muku sunan allurar, da cutar da take karewa, da ranar dawowa. In an ba ku amsa, ku kai yaran, ku adana katin.

Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.