Faɗuwar Gaba da Ƙwayar Kemis a Yammacin Zamfara



Duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa aiki a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum ya san wannan koke: gaba na faɗuwa, zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, barci ya ƙaurace. A gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro, amma mai ciwo ya rantse mutuwa ce ta zo.

Ba ƙarya yake yi ba, kuma ba a rasa dalili. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. A daminar 2024 ambaliya ta rusa gidaje a Gummi. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa a inda ake rikici, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da damuwa, ko fargaba, ko wata lalurar ƙwaƙwalwa. Magidancin da ƙarar babur ke zaburar da shi tsakar dare ba ragon maza ba ne. Jikinsa ne ya saba sakin sinadarin adirenalin, mai zaburar da zuciya don a gudu, har ya koma sakinsa ko babu abin gudu.

Sai dai ba kowane bugun zuciya ne fargaba ba, kuma nan ne ake yawan yin gaggawa. Ƙarancin jini na kawo shi, haka ciwon maƙoƙo, haka yawan goro da shayi mai kauri. Mai jego kuwa sai an yi hattara ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka bayyana yadda zuciyar mata ke gazawa bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Idan ƙafarta ta kumbura, ko ta kasa numfashi a kwance, a kai ta asibiti ranar nan, kada a ce mata tunani ne.

Babbar matsalar tana kemis. Mutum ya faɗi abin da ke damunsa, a ƙulla masa diazepam, wadda matasa ke kira D5. Daren farko ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba, ya yi ta sa wa mai kemis albarka. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isarsa, in ya bari kuma fargabar ta dawo fiye da da, wani har da jijjiga. Shi ya sa likitoci ba sa son a wuce mako 2 zuwa 4 ana shanta. Haɗa ta da tiramol kuwa na iya tsayar da numfashi.

Maganin da ke warkarwa ba shi da wannan saurin. Fluoxetine da sertraline sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, wani lokaci ma fargabar kan ɗan ƙaru a kwanakin farko, abin da ke sa mutane watsar da su idan ba a yi musu bayani ba. Propranolol na rage bugun zuciya da karkarwa, amma ba ya cire tsoron, kuma haɗari ne ga mai asma. Amitriptyline na da arha, sai dai ba a ba mai ciwon zuciya ita kai tsaye. Zama da ƙwararre a koyi sarrafa numfashi da tunani shi ma magani ne. Addu'a ba ta hana ko ɗaya daga cikinsu.

To, wa zai rubuta maganin? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, kusa da Sakkwato, kuma kowa ya san halin hanya da kuɗin mota. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin samun kulawa. Saboda haka ya kamata gwamnatin Zamfara ta horar da ma'aikatan manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, ta ajiye musu waɗannan magunguna. Masu kemis kuma su daina sayar da diazepam ga wanda bai zo da takardar likita ba.