Jawabi a Kan Aikin Lafiya na Anchau, da Abin da Ya Bar Wa Majalisun Yau



An umurce ni in yi magana a kan yadda majalisar ƙasa take kula da lafiyar talakawanta tare da waɗanda suke zuwa daga waje su taimake ta. To, maganata ɗaya ce. Ba a auna wannan aiki ran da baƙo yake gari da motocinsa da akwatunan magani, sai bayan ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Zan kawo misali da Anchau ta ƙasar Zazzau, gama da yawa a cikinku sun ji labarinta daga bakin waɗanda suka yi aikin.

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna ƙwarai a wannan yanki. Ƙudan tsando ne yake kawo shi, shi kuwa mazauninsa kurmin bakin rafi, watau daidai wurin da mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka. Likitocin Gwamnati suka riƙa bin ƙauyuka suna taɓa wuyan mutane don neman kaluluwa, wanda aka samu da ciwon a yi masa allura. Amma aka ga magani kaɗai bai isa ba, don wanda ya warke yau gobe zai koma rafin nan, tsando ya sake cizonsa.

Saboda haka a 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau gadon sarautar Zazzau, aka kafa dokar ciwon barci, aka kuwa shiga shirin gyaran ƙasar Anchau. Wani masanin ƙwari, Dokta Nash, shi ya ja ragamar aikin. Aka sassabe kurmin bakin rafuka a tsiri mai tsawon mil 70 ko kusa da haka. Aka tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyukan da suka warwatsu a daji, aka tara su inda yawansu zai iya riƙe sassaben. Aka gina sabon gari kusa da tsohuwar Anchau, aka sa masa suna Takalafiya, da faffaɗan hanyoyi da rijiyoyin siminti.

Ku dubi yadda aka raba kayan. Kuɗin somawa da sanin ƙwaro da magani daga waje suka zo. Amma Bature ba ya iya tashin ƙauye, ba ya kuwa iya tara majiya ƙarfi ran sassabe. Wannan sai Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa mai unguwa. Kurmi kuma ba ya mutuwa da sara ɗaya, kowace damina sai ya tofo. Sake sare shi shekara-shekara, da yashe rijiya, da zaman malamin asibiti a ɗakin magani, da zagayen duba-gari, duk a wuyan En'e da talakawa suka rataya. Ciwon ya ja baya ƙwarai, dalili kuwa shi ne kowa ya san nasa kason.

Ba zan ɓoye muku ɗacin abin ba. Ba da son ran kowa aka tashi ba. Mutum ya bar gonar ubansa da kushewar kakansa bisa umurni, ya kuma yi aikin gayya wanda ba a shawarce shi a kai ba. Wannan hanya ta tilas ta wuce, kada kuwa wani ya yi begenta. Abin koyi a ciki shi ne riƙon aiki bayan tafiyar baƙo.

A 1976 aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Yau suna 774 a Nijeriya, Anchau ma ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Tsarin mulki na 1999 ya sa su cikin masu alhakin tanadin ayyukan lafiya da riƙe su. Abokan taimako kuma sun yawaita, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da UNICEF, da ƙungiyar Rotary, da waɗansu.

To, yaya aikin yake tafiya? Ku duba shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano saboda zargin da ya shiga zukatan mutane, maganin yana ajiye, kuɗin yana ajiye, amma ƙofofin gidaje suna rufe. Aka koma a 2004. A 2009 sarakunan Arewa suka haɗa kwamiti suka shiga aikin da kansu, masu unguwanni suka riƙa raka masu ɗigon magani gida-gida. A 2020 aka shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ga Anchau ta sake maimaita kanta: magani na baƙo, amana ta ɗan gari.

Amma fa inda ba kamfe ake yi ba, a nan rauninmu yake bayyana. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin ɗakin magani mai sabon fenti da allon sunan mai taimako a ƙofa, bayan 'yan shekaru kuwa a tarar ba ungozoma da dare, ba magani a kanta, firjin allura ya mutu ba mai gyara. Mace mai naƙuda ba ruwanta da wanda ya gina ɗakin, ita dai ta tarar da mutum a ciki. Zanen aro ba ya rufe katara.

An daɗe ana kukan kuɗin majalisu suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Duk majalisar da kuɗinta ya iso hannunta, ba ta da sauran hanzari.

Don haka ina roƙon 'yan majalisa, kafin ku sa hannu da kowane mai taimako, ku yi tambaya uku. Wa zai biya ma'aikacin nan in shirin ya ƙare? A wane layi na kasafinmu aka rubuta kuɗin magani da gyara? An zauna da dagaci da limami da matan unguwa tun ba a aza tubali ba? In ba a sami amsa ba, a dakata har a samu.

Waɗanda muka taru don tunawa da su yau, malaman asibiti da duba-gari da ungozomomi da masu haƙar rijiya, yawancinsu ba a rubuta sunansu a allon kowane gini ba. Sun dai zauna a bakin aikinsu bayan kowa ya watse. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya, ya ja zamanin Sarki. Iyakar abin da zan ce ke nan.