Kuɗin Sauyin Yanayi: Ina Rabon Nima da Maamobi?

 

Ba a koya wa ɗan unguwar Nima ko Maamobi a Ghana ambaliya. Da hadari ya haɗu a watan Yuni, za ka ga masu shaguna a bakin babbar kwata suna ɗora buhunan shinkafa kan benci, suna jera bulo a ƙofa. Ruwan kwatar nan kogin Odaw yake faɗawa, wanda ya tumbatsa a daren 3 ga Yunin 2015, daren da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle suka ci rayuka fiye da 150. Masana kuma suna gargaɗin cewa ɗumamar duniya za ta ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi.

Masu riƙe da kuɗi ba su naɗe hannu ba. A 2019 Babban Bankin Ghana ya shimfiɗa wa bankuna ƙa'idoji 7, ciki har da duba illar da aiki zai yi wa muhalli kafin a ba shi bashi. A shekarar ce Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID na gyaran magudanan Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka zaɓa. Wannan abin yabo ne.

To amma ina mai kokon da ruwa ya tafi da garwashinta da geronta a dare ɗaya? Abu uku ne suka tare mata ƙofar banki. Na farko jingina: gidajenmu galibi na gado ne, ba takardar fili. Na biyu riba, wadda da yawanmu ke gudu saboda addini. Na uku amana: a 2019 aka soke lasisin ƙananan kamfanonin bashi 347, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maganin bai yi nisa ba. Matar da ta shekara 10 tana zuba adashi ba fashi ta nuna halinta. Katin mai susu, wato mai karɓar adashi, da tarihin MoMo ɗinta, wato kuɗin da take hada-hada ta waya, su zame mata jingina. Dokar bankunan Ghana ta 2016 ta halatta banki mara riba, kuma a Najeriya bankin Jaiz yana yin sa tun 2012. Banki ya sayi murhun gas ko faifan sola, ya sayar mata da bayyanannen ƙari, ta biya kaɗan-kaɗan. A haɗa da takaful, wato inshorar taimakon juna, don ranar da ruwa ya shigo shago.

Mu ma da namu aikin. Ba bankin da zai lamunci shagon da kwatarsa ta toshe da ledar ruwa. Ƙungiyoyin kasuwa su yi rajista, su rubuta asarar kowace damina, su je banki a ƙungiyance da alƙaluma a hannu.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.