Bushiya Mai Gudu: Ra'ayoyin 'Yan Wasa a Gidajen Gem na Fagge da Sabon Gari

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron ƙungiyar ɗalibai)



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan jawabi a allon sanarwa suka taɓe baki, suka ce yau kuma wasan yara aka kawo mana jami'a. Ban ga laifinsu ba. Sai dai ina roƙon su ba ni aron kunne na ɗan lokaci, domin gardamar da muka riƙa tafkawa a kan benci muna yara, game da wata shuɗiyar bushiya ta cikin talabijin, ita ce ta fara koya mini cewa ra'ayin mutum a kan abu yakan biyo irin asarar da kuskure ke jawo masa a cikin abin nan. Wannan ita ce maganar da na zo da ita, sauran duk shaida ce.

Asalin wasan

A shekarar 1991 ne kamfanin Sega na ƙasar Japan ya fito da wasan Sonic the Hedgehog a kan na'urarsa Mega Drive, wadda a Amurka ake kira Genesis. Dalilin fito da shi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Nintendo ya riga ya mamaye kasuwa da Super Mario Bros. tun 1985, shi kuma Sega yana neman gwarzon da zai zame masa tambari. Naoto Ohshima ya zana shi, Yuji Naka ya tsara lissafin motsinsa, Hirokazu Yasuhara ya shimfiɗa hanyoyin da yake bi, Masato Nakamura kuma ya yi kiɗan. Duk Bahaushen da ya taɓa ganin bushiya a bayan gari ya san ba ta da gudu. Dabararta ita ce ta dunƙule ta bar maƙiyi da ƙaya. To, dunƙulewar suka ɗauka, gudun kuwa ƙari ne nasu.

Ga waɗanda ba su taɓa riƙe shi ba, ga ƙa'idojin wasan a taƙaice. Sonic yana farawa da rai uku. Yana tsintar zobba na zinariya a hanya. Idan abokin gaba ya taɓa shi alhali yana da zobe ko da guda ɗaya ne, zobban ne za su watse, shi ya tsira, idan kuwa ba shi da ko ɗaya, rai ya tafi. Zobe 100 na ba da ƙarin rai. Akwai yankuna shida, kowane da kashi uku, sa'an nan karon ƙarshe da Dakta Robotnik, kuma kowane kashi ba ya wuce minti goma. Abin da ya fi muhimmanci ga zancenmu shi ne, wasan na 1991 da na biyunsa na 1992 ba su da wurin ajiye inda ka tsaya. In aka kashe na'ura, ko aka ɗauke wuta, komai nisan da ka yi sai ka komo farko. A Sonic 3 na 1994 kuwa an sa ajiya.

Inda bushiyar ta sauka

Ba abin mamaki ba ne a ce a Fagge da Sabon Gari irinmu suka fara ganin wannan wasa. Fagge tun asali zango ne na ayari a wajen ganuwa, Sabon Gari kuwa ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Baƙon kaya da baƙuwar al'ada a nan suka saba sauke kaya kafin su nemi iznin shiga birni. Gidan silima na Rex a Sabon Gari aka buɗe shi a 1937, Plaza kuma a Fagge aka buɗe ta. Saboda haka da na'urorin wasa suka fara shigowa kasuwar Sabon Gari, galibinsu na hannu, hanyar da silima ta bi su ma suka bi, har da irin kallon da iyaye suka yi mata. Kamar yadda aka ɗauki ɗan silima ɗan iska a da, haka aka ɗauki ɗan gidan gem mai gudun makaranta, kuma ba zan rantse cewa ba su da hujja ba.

Gidan gem ɗin da na sani ba wani abu ba ne illa shago ɗaya, da labule a ƙofa, da talabijin biyu, da benci, da kwalin kaset. Mutum ɗaya ke wasa, goma na tsaye a bayansa, kowa kuma malami ne. A nan ra'ayoyi suka rabu gida uku.

Masu gudu, masu tsinta, da mutanen Mario

Kashi na farko su ne masu gudu. A wurinsu daɗin wasan duk yana yankin farko, Green Hill, mai korayen tuddai da hanyar da ke murɗewa kamar awarwaro. Burinsu su danne maɓallin dama kada su saki har allon ƙarshe. Hujjarsu ita ce wasan da kansa yana goyon bayansu, tun da wanda ya gama kashi cikin ƙasa da daƙiƙa 30 yana samun ladan maki 50,000. Suna ƙin yanki na biyu, Marble, inda za ka tsaya kana tura dutse kana jiran ya ƙetarar da kai narkakkiyar wuta. Cewa suke yi an yaudare su, an sayar musu da doki sa'an nan an ɗaure masa ƙafa.

Kashi na biyu su ne masu tsinta. Waɗannan ba su wuce zobe, ba su wuce lungu. Sun san wanda ya kai ƙarshen kashi da zobe 50 yana samun babban zoben da ke kai shi ɓoyayyen fili, inda ake neman duwatsu masu daraja guda shida. Karin maganarsu ita ce sauri ya haifi nawa. Suna cewa gudun nan tarko ne, domin allon talabijin ba ya nuna maka abin da ke gabanka sai ka zo dab da shi, kafin ka ga ƙaya ka riga ka hau ta.

Kashi na uku mutanen Mario ne, waɗanda ke cewa wasansu ya fi adalci: abin da zai kashe ka kana ganinsa tun daga nesa, in ka mutu laifinka ne. Masu gudu kuma su mayar musu da cewa Mario wasan tsofaffi ne. Wuri ɗaya kaɗai na san duk kason uku suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne yanki na huɗu, Labyrinth, inda Sonic ke tafiya cikin ruwa da nauyin jiki, numfashinsa ba ya wuce daƙiƙa 30 sai ya sami kumfar iska. Idan kiɗan nan na gargaɗi ya tashi, shagon kan yi tsit, har mai gidan ya ɗago kai.

Da na girma na sake zama da wasan a natse, sai na ga masu gudu da masu tsinta kowannensu rabin gaskiya ya riƙe. An gina da yawa daga cikin kashin wasan da hanyar sama da ta ƙasa. Ta sama ta fi sauri da zobba, amma kuskure ɗaya ke jefo ka ƙasa. Watau gudu a wasan nan lada ne na wanda ya haddace hanya. Ba za ka yi gudu lafiya ba sai ka faɗi sau da yawa a wuri guda har ka san shi kamar hanyar gidanku. Tambayar da ba mu yi wa kanmu ba a lokacin ita ce, wa ke da halin faɗuwa sau da yawa?

Ra'ayi da aljihu

A nan ne asirin ya tonu mini. A iya tunawata, biya iri biyu ne. Wani shagon da rai ake sayar da wasa, ka zauna har ranka uku su ƙare. Wani kuwa da minti ne, lokaci na cika a karɓe hannun, watau abin riƙewar nan mai maɓallai. Yaron da ya ba da kuɗin tararsa a shagon rai, kowace ƙaya a wurinsa ƙosai ne da ya fasa ci. Dole ya zama mai tsinta. Na shagon minti kuwa rai ba ya damunsa, agogo ne maƙiyinsa, so yake ya ga nisan da zai iya kaiwa; dole ya zama mai gudu. Shi kuwa ɗan mai hali da ke da na'ura a gida, ya faɗi sau ɗari ba a caje shi ko kwabo ba, shi ne zai zo ya ce mana wasan ai ba wuya. Muna ganin hali da hazaƙa ne suka raba mu, ashe tsarin biya ne.

Mai shago shi ma yana da nasa ra'ayin, kuma nasa ne ya yi nasara. Gwanin Sonic na iya riƙe benci kusan awa guda da biya ɗaya, mutum goma na kallo kyauta, man janareto na ƙonewa. Wasan faɗa irin Mortal Kombat da Street Fighter II, da wasannin ƙwallon ƙafa da suka cika shaguna bayan zuwan PlayStation, suna zaunar da mutum biyu, su tashi cikin 'yan mintoci, wanda aka ci ya biya. Saboda haka kaset ɗin bushiya ya koma ƙasan kwali, ba don yara sun daina son sa ba.

Akwai kuma wani abu da babu wanda ya sani a cikinmu. Tsarin talabijin na Turai, PAL, wanda Nijeriya ta bi, yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, na Amurka da Japan kuwa sau 60. Wasan na 1991 a kan na'urar Turai yana tafiya a hankali da kimanin kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansa ma yana ja. Ke nan yara biyu na iya yin musu har su kai ga dambe, wannan ya ce ana iya ganin hanya, wancan ya ce ba a iyawa, alhali kuwa ba abu ɗaya suka buga ba.

Waɗanda ba a ji ba

Bayan waɗannan akwai masu ra'ayin da ba a taɓa tambaya ba. A Sonic 2 an ƙaro Tails, ɗan yanyawa mai wutsiya biyu, wanda ɗan wasa na biyu ke iya tuƙawa, in ya mutu ya dawo ba tare da an yi asarar komai ba. Shi ake miƙa wa ƙane don ya yi shiru, allon kuma ba ya jiran sa. Ban taɓa jin an tambayi ƙanen yadda ya ga wasan ba. 'Yan mata kuwa ba su shiga shagon ma sam. Waɗanda ke da na'ura a gida sun buga, wasunsu sun fi yayyensu iyawa, amma gardamar benci ba ta san da su ba.

Ku kwatanta wannan da abin da ya faru a waje. A watan Afrilu na 2019 kamfanin Paramount ya nuna tallan fim ɗin Sonic, masoya wasan suka yi ca a intanet a kan siffar da aka ba shi, musamman haƙoransa da idanunsa. Darektan fim ɗin, Jeff Fowler, ya fito ya ce za a gyara, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba 2019 zuwa Fabrairu 2020. Kafin wannan, a 2017, Sega ya fito da Sonic Mania, wanda ƙungiyar masoya wasan ƙarƙashin Christian Whitehead, mutumin Ostareliya, suka gina. Shin waɗannan sun fi yaran Fagge sanin inda ƙaya take a Marble? Ban yi tsammani ba. Bambancin shi ne, su sun rubuta ra'ayinsu, sun tara shi wuri guda, wasunsu kuma sun koyi sana'ar har aka miƙa musu aikin. Namu iliminmu baki da baki ya yi yawo, kamar laƙanin nan na zaɓen yanki da kowane yaro ya haddace, sama, ƙasa, hagu, dama, sa'an nan ya watse tare da bencin.

Kammalawa

'Yan'uwa, da yawanku gobe za ku zauna a bayan tebur. Za a ce ku mayar da neman aiki ko biyan kuɗin makaranta ta intanet, sa'an nan a ce ku jiyo ra'ayin jama'a. Wanda zai fara zuwa muku da amsa shi ne mai kwamfuta a gida, zai ce tsarin ba wuya. Wanda ke biyan kuɗi a shago duk lokacin da ya sake gwadawa, wanda wuta kan ɗauke masa a shafi na ƙarshe ya komo farko, ba zai rubuto muku ba, yana can yana lissafin kuɗin mota. Kafin ku rubuta rahoto cewa jama'a sun gamsu, ku tambayi kowane mai magana abin da kuskure ɗaya ke ci masa, ku kuma nemi wanda aka miƙa wa Tails da wadda ba ta shigo shagon ba.

Ga ɗaliban harshe da tarihi kuma, waɗanda suka zauna a bencin nan suna nan da ransu, a Kantin Kwari da ofisoshi da azuzuwa. Ku je ku ji daga bakinsu, ku rubuta da Hausa tun ba su manta ba. Ga ɗaliban kwamfuta, in har bushiya ta iya zama gwarzon duniya, ban ga abin da zai hana Gizo ba, kuma ku kun san yadda ake gina wasa domin wanda ke biya da kuɗin tara, a garin da wuta ba ta da tabbas.

Shugaba, na ga ana nuna mini agogo, ni kuwa tun ina yaro ɗan shagon rai ne, ban saba da minti ba.