Rigar Sama'ila

 Karatunmu na yau yana cikin 1 Sama'ila sura 2, aya 18 zuwa 21.

Mun san labarin Hannatu. Ta roƙi ɗa da hawaye, Ubangiji ya ba ta. Da ta yaye shi sai ta kai shi Shilo, ta bar shi a hannun Eli firist, ta koma gida Rama. Daga nan sai shekara ta kewayo take ganinsa, ran da ita da mijinta Elkana suka tafi miƙa hadaya. Ba ta zuwa hannu wofi, takan riƙo masa riga wadda ta ɗinka da kanta.

Mun daɗe muna wuce wannan aya da sauri. Amma ku duba, yaron ba ya gabanta. To, da me ta auna? Dole ta zauna da allura a hannu, ta tambayi zuciyarta, bana yaron nan ya kai ina? Ta ƙara taƙi a tsawo, ta buɗa kafaɗa, gama ta sani wanda za ta tarar ba shi ne wanda ta bari bara ba.

Mu iyaye a ƙasar Shanono mun san wannan rabuwa. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta kunya-kunya. Da an gama kai gero da dawa rumbu, samari sai ci rani. Waɗansu su nufi lambu wajen dam ɗin Watari a Bagwai, waɗansu birnin Kano, waɗansu har Legas. 'Yan mata kuma makaranta ko gidan aure. Ba mu iya riƙe su, abin riƙon ma ba mu da shi.

Wata uwa a ekklesiyarmu ta sayar da wakenta, ta sa tela ya ɗinka wa ɗanta rigar Kirsimati. Shekara biyu ke nan yana Kano. Da ya zo, riga ta ƙi wuce kafaɗa. Aka yi dariya a tsakar gida, ita kuwa ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta ce ba kuɗin ne ya dame ta ba, sai dai ta gane ba ta san ɗanta ba.

Mu maza, namu ya fi wannan. Yaro ya dawo da gemu, ya sha ranar birni, ya ciyar da kansa, mu kuwa mu tarye shi da tsawar da muke yi masa yana ɗan shekara 10. Ya kawo shawara a kan taki ko iri, mu ce, yaushe aka haife ka? In ɗan fari ne ma, kunya ta hana mu kiran sunansa, balle mu zauna da shi a tabarma ɗaya. Ba mu ce a zubar da kunya ba, ado ce. Amma kunyar da ta hana uba tambayar ɗansa inda yake sujada ran Lahadi, da waɗanda yake kwana shago ɗaya da su, ta yi tsada. A cikin wannan sura ɗin, Eli sai a bakin mutane ya ji abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke aikatawa, ga su kuwa a ƙofarsa. Ya yi magana, ba su ji ba.

Kaka ta gabato, za su sake tafiya. Kafin a ɗaura jaka, baba, ka kira shi zaure bayan tuwon dare. Ka tambaye shi, ka yi shiru ya gama.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ga 'ya'yanmu na gida da na nesa, kai ka san inda kowannensu zai kwana yau. Ka tsare su a hanya da wurin aiki. Ka buɗe bakinmu da kunnenmu gare su. Cikin sunan Yesu, amin.