Charles Goodnight: Makiyayin da ya riƙe amana

Yau za mu duba rayuwar wani Ba'amurke mai suna Charles Goodnight, wanda ya yi yaƙi kafin ya koma kiwon shanu a bakin daji. Za mu ga yadda ya riƙe amana, da inda hannunsa bai fita fes ba.

An haife shi a jihar Illinois a 1836, iyalinsu suka ƙaura Teksas yana yaro. Ya shiga dakarun tsaron iyaka, ya zama mai bin sawu. A 1860 yana cikin waɗanda suka bi sawu aka kai hari sansanin Komanci, 'yan asalin ƙasar, a bakin kogin Pease. A nan aka kama Cynthia Ann Parker, Baturiyar da Komanci suka sace tun tana yarinya, aka raba ta da 'ya'yanta maza biyu. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ya yi aikin tsaron iyaka a ɓangaren Kudu.

Bayan yaƙi shanu sun cika Teksas, kasuwa kuwa babu. A 1866 ya haɗa kai da wani dattijo, Oliver Loving, suka kora shanu wajen 2,000 ta ƙasa marar ruwa har Fort Sumner a Niyu Meksiko, inda sojoji ke sayen nama. A shekarar da ta biyo, Komanci suka raunata Loving a bakin kogin Pecos, raunin ya ruɓe. Kafin ya cika, ya roƙa a binne shi a Teksas. Goodnight ya ɗauki alkawari, ya kuwa mai da gawar gida Weatherford a keken doki, tafiyar ɗaruruwan mil. Ya kuma ci gaba da ba iyalin marigayin rabonsu na riba. Babu wanda zai tilasta masa da ya ƙi. Mu tambayi kanmu: amanar mamaci nawa ta salwanta a hannunmu?

Cikin makiyayansa akwai Bose Ikard, baƙar fata da aka haifa cikin bauta. Shi Goodnight ke damƙa wa kuɗin ciniki a hanya. Da Ikard ya rasu a 1929, ya sa aka kafa dutsen tunawa a kabarinsa.

Amma kada mu rufe ido. Kwazazzabon Palo Duro, inda ya sauka da garkensa a 1876, mafakar Komanci ne. Shekara biyu kafin nan sojoji suka fatattake su daga wurin, suka harbe dawakansu fiye da 1,000. A kan wannan ƙasa shi da John Adair suka kafa gonar kiwo ta JA a 1877, wadda ta kai ga riƙe shanu kusan 100,000.

A 1878 yunwa ta koro Komanci suka dawo farautar ɓauna, suka tarar mafarauta sun kusa ƙarar da ita, sai suka fara yanka shanun Goodnight. Jagoransu Quanah Parker ne, ɗan matar nan da aka kama a 1860. Kowa na jiran jini ya kwarara. Maimakon haka suka zauna suka daidaita: zai riƙa ba su shanu biyu kowane kwana biyu, su kuma su bar garken. Daga nan abota ta shiga tsakaninsu. Matarsa Mary Ann kuma ta sa aka ceci 'yan maruƙan ɓauna marayu, jikokin garken suna nan a gandun Caprock Canyons.

'Yan'uwa, shanu biyu ba su mayar wa Komanci ƙasarsu ba, wannan gaskiya ce. Duk da haka sun hana a haƙa sababbin kaburbura. Goodnight ya rasu a 1929 yana da shekara 93, yawancin dukiyarsa ta tafi. Abin da ya rage masa shi ne shaidar da mutane suka ba shi, cewa in ya faɗi magana yakan cika ta, ko ga mamaci, ko ga tsohon abokin gāba. Mu koma gida mu duba alkawuran da ke wuyanmu.